Tarihin Gudu Ba Takalmi da Muhawarar Bakan Ƙafa

Gudu ba takalmi al'ada ce da ta girmi sana'ar jima da ta dukanci, amma muhawarar da likitoci da masu horar da 'yan wasa suke yi a kanta ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma kusan dukkanta ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu, wato ko siffar tafin ƙafar mutum ita ce take yanke masa hukuncin iya gudu ko kasawa, da kuma ko akwai wani salon taku guda ɗaya da ya dace da kowa idan an tuɓe takalmi. An amsa waɗannan tambayoyi da ƙarfin gwiwa fiye da sau ɗaya, kuma kowace amsa ta haifar da ciniki mai yawa kafin bincike ya zo ya rage mata kaifi.

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ba a shimfiɗe suke ba, domin kuwa sun lanƙwashe daga dunduniya zuwa gindin yatsu ta yadda tsakiyar tafin, musamman ta ɓangaren ciki, ba ta taɓa ƙasa sosai idan mutum ya tsaya. Wannan lanƙwasa ita ce bakan ƙafa, kuma aikinta ya yi kama da na bakan maharbi da tsirkiyarsa, kasancewar akwai wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta kama gindin yatsu, wadda take miƙewa idan nauyin jiki ya danne bakan, ta kuma dawo da shi idan nauyin ya ɗaga. A shekarar 1954 wani likitan ƙashi na Birtaniya, J. H. Hicks, ya bayyana cewa duk lokacin da babban ɗan yatsa ya lanƙwashe sama yayin da mutum zai ɗaga dunduniya, jijiyar nan takan ɗaure, bakan ya ƙara tashi, ƙafar ta yi tauri har ta iya tunkuɗa jiki gaba. A 1987 kuma Robert Ker da McNeill Alexander da abokan aikinsu a Jami'ar Leeds suka auna ƙarfin da ƙafa take adanawa ta mayar a kowane taku na gudu, suka sami cewa bakan yana mayar da kimanin kashi 17 cikin 100, ita kuwa agara, babbar jijiyar da ta haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya, tana mayar da kimanin kashi 35. Akwai kuma wata lanƙwasa ta biyu da ta ratsa faɗin ƙafa, wadda aka daɗe ba a kula da ita ba, sai a 2020 wani bincike da Madhusudhan Venkadesan ya jagoranta ya nuna cewa ita ke samar da fiye da kashi 40 cikin 100 na taurin ƙafa. Jariri ba a haifarsa da bakan da ake gani, saboda kitse ne ya cike gurbin, jijiyoyinsa kuma suna da laushi. A hankali bakan yake fitowa cikin shekarun yarinta, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa abin da yaro ya taka da abin da ya sa a ƙafarsa a waɗannan shekaru suke da tasiri mai ɗorewa.

Takalma mafi tsufa da aka tono ba su tallafi wannan baka da komai ba. Waɗanda Luther Cressman ya samo a kogon Fort Rock na jihar Oregon a Amurka a 1938, saƙaƙƙu ne da ɓawon wani ɗan itace, sun haura shekara 9,000, shi kuwa takalmin fata da aka samo a wani kogo a Armeniya a 2008 ya kai kimanin shekara 5,500, kuma dukkansu shimfiɗaɗɗu ne marasa tudun dunduniya, aikinsu kare fata daga ƙaya da dutse da sanyi. Girkawan da suka riƙa tsere a Olimfiya tun daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa ba sa sa komai a ƙafa.

Birnin St. Louis na Amurka a shekarar 1904 shi ne wurin da tarihin wasanni da na likitanci suka fara haɗuwa a kan wannan batu. A shekarar an gudanar da babban baje kolin duniya tare da gasar Olamfik a birnin, kuma masu shirya baje kolin sun kwaso mutane daga Filifin da Afirka da wasu sassa aka ajiye su don 'yan kallo, abin da ba shi da wani suna face cin mutunci. Daga cikin waɗanda suka zo tare da masu wasan kwaikwayon yaƙin Turawan Afirka ta Kudu akwai mutum biyu 'yan ƙabilar Tswana, Len Taunyane da Jan Mashiani, waɗanda suka shiga gudun famfalaƙi na gasar, Taunyane ba takalmi, ya zo na 9, Mashiani kuma ya zo na 12, suka zama baƙaƙen fatar Afirka na farko da suka fafata a Olamfik. A wannan baje kolin ne kuma wani likitan ƙashi na birnin, Phil Hoffmann, ya duba ƙafafun mutanen da ba su taɓa sa takalmi ba, ya buga sakamakon a 1905. Ya ga yatsunsu a warwatse suke, babban ɗan yatsa ya miƙe a kan layi ɗaya da dunduniya, alhali na masu takalmi sun matsu sun karkata, sai dai abin da ya fi muhimmanci a cikin rahoton nasa shi ne ya tarar da masu dogon baka da masu gajeren baka a cikin marasa takalmin duka, ya kuma yanke cewa tsayin baka ba ya nuna ƙarfin ƙafa ko amfaninta.

Wannan hukunci na Hoffmann bai samu karɓuwa ba a zamaninsa. Rundunonin sojan Turai da Amurka sun ci gaba da ɗaukar shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, wato wadda bakanta ya kwanta har tafin ya taɓa ƙasa gaba ɗaya, a matsayin naƙasa, aka kuma mayar da ɗimbin samari gida saboda ita a lokutan yaƙin duniya. Sai a 1993 David Cowan da abokansa suka bi sawun kurata 246 na sojan ƙasa na Amurka a lokacin horo, suka sami akasin abin da aka daɗe ana zato, domin masu gajeren baka su ne suka fi ƙarancin rauni, masu dogon baka kuma suka fi kowa jin ciwo. Daga baya Joseph Knapik ya jagoranci gwaje-gwaje a kan dubban kurata, inda aka ba wasu takalmin da aka zaɓa bisa siffar tafin ƙafarsu aka ba sauran iri ɗaya, ba a kuma ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan raunin da suka ji.

Ranar da ta fi kowace shahara a wannan tarihi ita ce 10 ga Satumba, 1960, lokacin da Abebe Bikila, dogarin fadar Sarki Haile Selassie na Habasha, ya lashe gudun famfalaƙi na Olamfik a birnin Rum, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya bar Rhadi Ben Abdesselam na Maroko a baya da daƙiƙa 25. An fara tseren da la'asar sakaliya aka ƙare da dare, sojoji na riƙe da jiniyoyin wuta a gefen tsohuwar hanyar Appia mai daɓen duwatsu, hanyar tseren kuma ta bi ta gaban dogon ginshiƙin dutsen nan na Aksum da sojojin Mussolini suka kwashe daga Habasha a 1937, wanda bai koma gida ba sai a 2005. Bikila ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik, kuma ya ci ta ne a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasa tun yana yaro. An haife shi a 1932 a ƙauyen Jato, ya taso yana tafiya da gudu a ƙasa mai tuddai, ya kuma samu horo a hannun Onni Niskanen, ɗan Suwidin da gwamnatin Habasha ta ɗauko. Takalman da ya samu a Rum ba su zauna masa daidai ba, sai ya zaɓi ya yi tseren ba takalmi, yadda ƙafarsa ta saba.

Masu kafa hujja da wannan nasara sukan tsaya a nan, alhali ragowar labarin ya fi koyarwa. Bayan shekara huɗu, a Tokyo, Bikila ya sake lashe gasar sanye da takalmi da safa, kimanin kwana 40 bayan an yi masa tiyata a hanji, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, wato ya fi na Rum sauri da minti uku. Abin da ya kai shi ga nasara a duka biyun shi ne jiki da ƙafar da aka gina tun yarinta aka kuma horar da su da tsari, ba tuɓe takalmin ranar tsere ba. Hatsarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969, ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

A tsakanin Turawa ma an samu masu bin wannan hanya da gangan. Percy Cerutty ya riƙa sa Herb Elliott na Ostareliya gudu a kan tuddan rairayi na Portsea ba takalmi, Bruce Tulloh na Birtaniya ya ci gasar Turai ta mita 5,000 a 1962 da ƙafa tsirara, Zola Budd kuma, wadda ta taso a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ta lashe gasar duniya ta gudun ratsa daji a 1985 da 1986 a haka. Can a tsaunukan jihar Chihuahua ta Meziko kuwa, mutanen Raramuri, waɗanda aka fi sani da Tarahumara, suna da tsohuwar al'adar tsere da ake kira rarajipari, inda ƙungiyoyin maza suke gudu suna shurin wata ƙwallon itace har tsawon yini ko fiye, mata kuma suna da nasu tseren da zobe da sanda. Ba a ƙafa tsirara suke yi ba, siririn takalmi suke ɗaurawa da tsirin fata, wanda a yanzu ake yanka tafinsa daga tsohuwar tayar mota. A 1928 biyu daga cikinsu sun wakilci Meziko a Olamfik ta Amsterdam ba su taɓuka abin kirki ba, amma a 1993 Victoriano Churro, yana da shekara 52, ya lashe tseren mil 100 na Leadville a tsaunukan Colorado da irin wannan takalmi.

Takalmin gudu mai kaurin soso a dunduniya da tudun tallafa wa baka sabon abu ne ƙwarai idan aka auna shi da wannan dogon tarihi. Ya bazu ne a shekarun 1970, lokacin da sassarfa don motsa jiki ta zama yayi a Amurka, kuma Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon wanda yake ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa ta. Daga nan kamfanoni suka raba masu saye gida uku bisa siffar baka da yadda ƙafa take karkata ciki bayan ta dira, kowane gida da irin takalminsa, kuma wannan rabo ne gwaje-gwajen Knapik suka kasa samun amfaninsa.

A daidai lokacin da wannan ciniki yake bunƙasa, likitocin wasu ƙasashe suna tara shaidar da ke nuna cewa baka yana ƙarfafa ne da aiki. A 1992 Udaya Rao da Benjamin Joseph suka duba sawun yara 2,300 a Indiya, suka sami shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a kashi 8.6 cikin 100 na masu sa takalmi, amma kashi 2.8 kacal a cikin marasa takalmi, kuma abin ya fi yawa ga masu rufaffen takalmi fiye da masu silifa. Karsten Hollander da abokansa sun sami makamancin haka a 2017 da suka kwatanta yara 810 na Jamus da Afirka ta Kudu, a 2018 kuma Nicholas Holowka ya nuna cewa mazan Raramuri suna da baka mafi tauri da tsokar tafin ƙafa mafi kauri fiye da takwarorinsu na Amurka. Ya kamata a lura cewa duk waɗannan mutane ne da suka shafe yarintarsu a haka, don haka sakamakon bai ce komai ba game da baligin da ya tuɓe takalmi jiya.

Babban yayin gudu ba takalmi ya tashi ne a 2009 da fitowar littafin Born to Run na Christopher McDougall, wanda ya ba da labarin Raramuri ya kuma ɗora wa takalmin zamani laifin raunin 'yan gudu. A Janairun 2010 mujallar Nature ta buga binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard, wanda ya auna Amurkawa da 'yan ƙabilar Kalenjin na Kenya, har da yaran makaranta na Eldoret masu takalmi da na karkarar Nandi marasa shi. Ya bambanta salon dira guda uku, wato dira a kan dunduniya, da dira a kan tafin gaba ɗaya, da dira a kan gindin yatsu kafin dunduniya ta sauka, ya kuma nuna cewa akasarin masu takalmi a dunduniya suke dira, abin da ke haifar da wani bugu na farat ɗaya da ke ratsa ƙashi zuwa gwiwa, alhali waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi dira a gindin yatsu, inda agara da baka suke shanye bugun a hankali. Lieberman da kansa ya yi gargaɗin cewa bai auna yawan rauni ba, amma 'yan kasuwa da masu sha'awa suka ɗauki binciken a matsayin hukuncin ƙarshe.

Ba a yi shekara uku ba sai ga wata shaida daga Kenyar dai. A 2013 Kevin Hatala ya auna mutum 38 'yan ƙabilar Daasanach, makiyaya da ke zaune a gabar tafkin Turkana waɗanda suka taso ba takalmi, ya sami cewa kashi 72 cikin 100 a dunduniya suke dira idan suna gudu da saurin da suka zaɓa wa kansu, sai sun ƙara sauri ne wasunsu suke komawa tsakiya ko gaban tafi. Ke nan salon dira yana bin saurin gudu da taurin ƙasa da sabon mutum, ba doka ɗaya ba ce ga duk marasa takalmi. Tafiya kuwa dabam take da gudu, domin a tafiya koyaushe akwai ƙafa ɗaya a ƙasa, kuma kowace al'umma da aka auna, da takalmi ko babu, dunduniya take fara ajiyewa. Wani bincike na Jami'ar Utah a 2010 ya nuna cewa tafiya a kan gindin yatsu tana cin ƙarfi fiye da ta dunduniya da kashi 53 cikin 100. Abin da yake canzawa idan mutum ya tuɓe takalmi ya yi tafiya shi ne takunsa yakan gajarta ya ƙara yawa, ya kuma ajiye dunduniyar a hankali, tafin ya fi kwantawa. Saboda haka masu koya wa mutane tafiya da sanɗa da sunan komawa ga asali sun yi kuskure bayyananne.

Rauni kuwa bai jima ba ya bayyana. A 2013 Sarah Ridge ta Jami'ar Brigham Young ta bi 'yan gudu 36 na mako 10, ta sa 19 daga cikinsu suka koma takalmin Vibram FiveFingers mai siririn tafi da gurbin kowane ɗan yatsa, hoton na'ura kuma ya nuna kumburin ɓargon ƙashin ƙafa a mutum 10 daga cikin 19 ɗin, wanda alama ce ta ƙashin da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa. Dalilin a fili yake, domin komawa dira a gaban tafi tana rage wa gwiwa nauyi ne ta ɗora shi a kan sha-raɓa da agara da siraran ƙasusuwan da ke bayan yatsu, kuma tsoka tana ƙarfafa cikin makonni alhali jijiya da ƙashi suna bukatar watanni. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba, ya kuma yarda ya daina iƙirarin cewa takalmin yana ƙarfafa tsoka ko rage rauni sai in yana da hujjar kimiyya. Ridge ɗin ce kuma ta nuna a 2019 cewa tafiya kawai, ba gudu ba, cikin siririn takalmi na mako takwas tana ƙarfafa tsokar ƙafa kamar yadda atisayen da aka tsara don haka yake yi.

Siffar baka tana da tasiri a wannan sauyi, sai dai tasirinta a kan wurin da rauni zai faɗa ne, ba a kan wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Dorsey Williams da Irene McClay da Joseph Hamill sun nuna a 2001 cewa masu dogon baka, wanda galibi mai tauri ne da ba ya lotsawa, sun fi samun raunin ƙashi da na idon sawu da na gefen waje, su kuwa masu gajeren baka mai laushi sun fi samun ciwon gwiwa da na jijiyoyi da na gefen ciki. Na farko yana tara nauyi a dunduniya da gindin yatsu, don haka ƙasa mai tauri ta fi yi masa barazana, na biyu kuma tsokokin da ke riƙe bakansa ne suke fara gajiya.

Akwai kuma abin da yayin 2009 ya kawar da kai daga gare shi, wato cewa ga miliyoyin mutane rashin takalmi talauci ne ba zaɓi ba. Gaskiya ne kantar tafin ƙafa kariya ce mai kyau, kuma Holowka ya nuna a 2019 cewa kaurinta ba ya rage wa ƙafa jin abin da ta taka, amma kanta ba ta hana tsutsar da ke shiga jiki ta fata daga gurɓatacciyar ƙasa, ba ta hana jiga, ba ta kuma hana wani nau'in tundurmi da ke kama manoman da suka shafe shekaru suna taka jar ƙasar tsaunuka masu aman wuta. Habasha, ƙasar Bikila, ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana kuma samunta a tuddan arewa maso yammacin Kamaru, kuma babban rigakafinta takalmi ne da sabulu da ruwa. Mai ciwon suga wanda jijiyoyin jin ƙafarsa suka mutu shi ma tafiya ba takalmi hatsari ce babba gare shi.

Kasuwa ta sake juyawa bayan 2014, ta koma takalma masu kaurin tafi fiye da na da, wasu da farantin kabon a ciki, kuma da irinsu Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaƙi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a Oktoban 2019, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi cikin bajintar hukuma ba. A 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin tseren titi a milimita 40, ta kuma bar wa ɗan wasa damar shiga gasa ba takalmi in ya so. Iyayen da ɗansu yake da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa mai laushi wadda ba ta yi masa ciwo ba su da dalilin kashe kuɗi a kan takalmin gyara, kuma barinsa ya yi wasa ba takalmi a wuri mai tsabta alheri ne gare shi. Baligin da ya taso cikin takalmi kuma yake son sauyawa, ya fara da tafiya kafin gudu, ya ba ƙafarsa watanni, ya kuma je wurin likita idan ciwo ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi.